Daga Gindin Gabaruwa Zuwa Hannun Mai Sauka

A Gwandu da Kalgo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan yaro ya kusa kai ƙarshen izu sittin sai gida ya shiga lissafi: ragon yanka ko sa, shinkafar walima, sabuwar riga da rawani, goron rabo. Duk waɗannan ana iya haɗa su a cin kasuwa guda. Abin da ba ya samuwa haka shi ne allon zayyana na hannu, wato allon da ake manna wa takarda mai ado, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiyarta, mai sauka ya riƙe ya karanta a gaban malaminsa da jama'a. Shi sai an ba da aikinsa tun da sauran kwanaki. Wanda ya zo ana gobe walima yana roƙon a taimaka masa, haƙuri za a ba shi. 'Yan mata ma ana yi musu, sau da yawa a haɗa saukar da bikin aure, amarya ta tare da allonta cikin kaya.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da ba sa son katin murnar ranar haihuwa na kanti, sai su zauna su haɗa nasu da hannu. Suna da hatimin roba mai fure ko rubutu, su dangwala a tawada su buga. Suna da siraran ƙarafa masu kaifi da aka lanƙwasa su siffar ganye ko tauraro, a matse su da takarda cikin ƙaramin inji mai mariƙi, siffar ta fito a yanke tsaf. Sana'a ce mai kyau, tana kuma son tsabtar hannu. Sai dai hatimin da ƙarfen da zanensu suke zuwa daga masana'anta. Mai zayyana namu kuwa zanen a kansa yake, kuma kusan duk abin da zai taɓa takardar nan shi ya haɗa shi.

Uban yaro yakan zo wurin mai zayyana ya durƙusa ya gaisa, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ɗan nan naka ya sauke." Bayan addu'a da sa albarka, kafin a zo maganar kuɗi, sai Malam ya tambaya, "Warshu yay yi ko Hafsu?" Makarantun allo na gargajiya riwayar Warshu suke bi, da rubutun da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Islamiyyu da yawa Hafsu suke yi, da rubutun gabas, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. A cikin Fatiha kanta akwai kalmar da ɗaya ke ja, ɗaya ba ya ja. Idan aka rubuta wa yaro abin da idonsa da bakinsa ba su saba da shi ba, zai yi tuntuɓe a gaban taro, ranar da ya fi bukatar harshensa ya miƙe.

Daga nan sai tawada, kuma a nan ne ake fara gane gwani. Tawadar da almajiri ke rubuta allonsa na kullum ta gawayi ce da ƙaro, an yi ta ne don a wanke. Ta zayyana so ake ta zauna. Ita ce yambari. Ana tsinto busassun 'ya'yan gabaruwa, waɗannan dai da majema ke jima da su, a daka sama-sama, a fitar da ƙwayar, a jiƙa ɓawon. Sai a je maƙera a samo kashin maƙera, wato dunƙulen dattin ƙarfe da ke taruwa a gindin wuta. A haɗa su a tukunya, a dafa da ƙaramar wuta har ruwan ya tsotse ya yi duhu. Baurin da ke cikin gabaruwa, wanda ke ɗaure wa mutum baki idan ya tauna, shi ke kama ƙarfen ya koma baƙi. Turawa ma sun yi ƙarnoni suna rubutu da irin wannan haɗi, sai dai su daga wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen ƙasarsu suke samun baurin. Irin wannan tawada tana da wani hali: lokacin da ta sauka a takarda ba ta cika baƙi ba, sai ta sha iska sannan ta ƙara duhu, ta shige cikin takardar. Wanda bai san ta ba zai ɗauka ta yi ruwa, ya sake bi ta kan harafin, ya ɓata shi.

Ƙaro daban ake jiƙa shi, an fi son na dakwara, a tace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Idan ya yi kaɗan tawada za ta nashe, gefen harafi ya yi gashi. Idan ya yi yawa za ta yi ƙyalli, ta daskare a bakin alƙalami, daga baya ta tsattsage. Gwani yakan ɗiga ɗigo ɗaya a farcen babban yatsansa ya ɗan karkata hannu. Ɗigon da ya tsaya a dunƙule yana motsi a hankali ya yi. Wanda ya gangara da gudu yana son ƙarin ƙaro. Sannan a tace da tsumma mai laushi, a bari ta kwanta, a sake tacewa. Wannan tata ta biyu ita rago ke tsallakewa, don ba wanda zai gani. Amma ƙwayar tsaki ɗaya ta isa ta maƙale a tsagar alƙalami, ta saki tawada gaba ɗaya a tsakiyar aya.

Ja daga karan dafi ake samunsa, jan ɓawon wata irin dawa da dukawa ke rina fata da shi, a jiƙa da ɗan ruwan toka ko kanwa ya saki launi. Rawaya daga gangamau ko saiwar rawaya. Kore da shuɗi a yau galibi garurar kasuwa ce ake damawa da ƙaro. Kowane launi da kurtunsa, kowane kurtu da alƙalaminsa, ba a aron na wani a tsoma a wani.

Alƙalamin kuwa na gamba ne ko na kara, wanda ya bushe sosai. A sa wuƙa a zaftare gefe guda a karkace, a kwashe farin cikin, a rage gefuna biyu har baki ya yi siriri, a tsaga shi kaɗan don tawada ta samu hanya. Yankan ƙarshe shi ne magana: a ɗora bakin a kan itace mai tauri, a datse shi da bugu ɗaya. Faɗin wannan datsa shi ne kaurin harafi. Na rubutu mai faɗi ne, na wasali siriri, na cike launi kuma akan ɗan tausasa bakinsa. Mai zayyana yakan fiƙe guda biyar ko shida ya jera kafin ya fara, don kada ya tashi neman wuƙa hannunsa na tsakiyar aiki.

Gwandu gari ne da ya san darajar takarda. Shehu Usmanu ya zauna a nan daga 1805 kafin ya koma Sifawa. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka danƙa wa yammacin daula a 1812, a nan ya ƙare rayuwarsa, hubbarensa yana garin har yau. Littattafansa, irin su tafsirinsa Liya'ut Tawili da Tazyinul Waraƙati, da hannu almajirai suka yi ta kwafarsu suna kaiwa gari-gari. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani Bajamushe mai suna Barth, mai yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu, a nan kuma ya samu kwafin Tarihus Sudan na malamin Tumbuktu Abdurrahman Sa'adi, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Yawancin takardar wancan zamani daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Idan ka ɗaga ta wajen haske za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Kayan da ya sha wannan tafiya ba a ɓarnarsa da gwaji. A ganina daga nan ne masu zayyana suka gaji ɗabi'ar da suke da ita har yanzu, ko da yake yau farin kwali yana nan birjik a kasuwar Birnin Kebbi: ba sa bari tawada ta taɓa takarda sai awo ya ƙare.

Allon kansa masassaƙi ne ke fitar da shi da gizago, yawanci daga aduwa, a goge shi da samfefa har ya yi santsi. Mai zayyana ya kifa shi a kan takarda ya bi gefensa da fensir, ya yanke daidai. Ya ɗora takardar a kan katako mai laushi ya murza ta da cikin kwalba, don ƙofofinta su toshe, alƙalami ya riƙa sulɓi. Sai neman tsakiya. Ba ya naɗe takardar biyu, domin karin zai fito a aiki. Rula yake ɗorawa daga kusurwa zuwa kusurwa, sau biyu, inda layukan suka gicciye nan ne cibiya. Layukan nan da bayan wuƙa ko tsinke marar kaifi ake jan su, ba tawada. Ba ka ganinsu sai ka karkata takardar wajen haske. A kansu ne komai zai hau: ɗakin rubutu a tsakiya, sannan zagaye biyu ko uku na ado, kowanne da faɗinsa.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai zayyana ya yarda da haka, amma ba ya barin ido shi kaɗai a bakin kusurwa. Ga matsalar: adon gefe siffa ɗaya ce ake maimaitawa, misali ƙananan murabba'ai a tsaye kan kusurwarsu, suna biye da juna. Idan ka fara daga sama ka yi ta jerowa da fatan alheri, za ka iso ƙasa ka tarar saura wurin rabin siffa. Ko ka matse ta, ko ka ja ta, ko ka gutsure ta, duka ukun kuma sai sun nuna. Gwani daga kusurwoyi huɗu yake farawa, ya ba kowace cikakkiyar siffarta. Sannan ya ɗauki ƙarfen nan mai ƙafa biyu, irin na cikin akwatin lissafi na 'yan boko, ya buɗe shi gwargwadon siffa ɗaya, ya taka da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da ya huda takarda ba. Idan taku na ƙarshe ya zarce, ya ɗan rufe ƙafar. Idan bai kai ba, ya ɗan buɗe. Zai maimaita har taku ya faɗa daidai, sannan ya bi ya sa alama. Gefen tsawo da gefen faɗi kowanne da nasa taku, amma bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya kama shi. Sa'a guda tana iya tafiya a nan, takardar kuma fara fat take ga mai wucewa.

Da ƙarfen nan kuma ake fitar da furanni. A kafa ƙafa ɗaya a juya da'ira. Ba tare da an canja buɗinsa ba, a taka a bakin da'irar: taku shida cif zai dawo da kai inda ka fara. Daga kowane taku a ja baka zuwa ciki, sai ga fure mai kunne shida ya fito. A haɗa alamun ana tsallake ɗaya, sai ga tauraro. Wannan ƙa'ida ce da ake koyarwa a ajin lissafi, mai zayyana kuma a hannun malaminsa ya same ta.

Inda aka fi shan wuya shi ne sarƙa, wato igiyoyin zane da ke shiga cikin juna, irin na dagi. Dokarsu ɗaya ce da ta saƙar tabarma: igiyar da ta hau wannan, dole ta shige ƙarƙashin ta gaba, sannan ta sake hawa. Kuskure ɗaya ba ya nunawa a inda aka yi shi. Sai ka zagayo za ka rufe sarƙar, ka tarar hawa biyu sun haɗu. Shi ya sa ake bin ta da fensir tukuna, a ɗora yatsa a bi igiya ɗaya tun daga farkonta har ta dawo, ana faɗa a hankali, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Siffar da za ta maimaitu da yawa, wasu sukan yanke ta a kwali mai kauri da reza, su riƙa ɗorawa suna bi. Wasu su zana rabi a wata takarda, su naɗe ta, su bi layin da allura suna hudawa, a buɗe a ga dama da hagu sun zo ɗaya.

Bayan awo, mai lura rubutu yake fara yi kafin launi, domin in kuskure zai faru gara ya faru aikin bai yi nisa ba. Da alwala yake zama. Baƙaƙe tukuna, da yambari, a bar su su bushe sarai. Sannan wasulla da jar tawada. A rubutun Warshu akwai ɗigon rawaya na hamza da ake furtawa, da ɗigon kore na alifin da ake sadarwa. Ƙarshen aya ƙananan da'irori uku ne a haɗe, aya ta biyar tana da alamarta da ake kira kumsa, ta goma kuwa kuri. Launukan nan karatu ne, kowanne da abin da yake gaya wa harshe. Idan ya gama yakan miƙa wa wani mahaddaci ya duba masa, ko da shi kansa alaramma ne, saboda idon da ya rubuta ba ya saurin ganin abin da ya tsallake.

Cike launi daga mai haske ake farawa: rawaya, sannan ja, sannan kore, baƙi daga ƙarshe ya bi gefuna ya ɗaure su. Ba a cike gidaje biyu maƙwabta a jere, sai a tsallake, a dawo bayan na farko ya bushe, kada launi ya tsallaka katanga. Akwai guntuwar takarda a ƙarƙashin hannu kullum saboda gumi. Lokaci ma da nasa. Da hunturu tawada na bushewa a bakin alƙalami, ga ƙura, sai an riƙa rufe kurtu. Da damina, musamman a wuri mai raɓar fadama irin Kalgo, takarda kan yi sanyi, launi ya daɗe bai kama ba. An fi son hantsi, a zaure, inda haske ke shigowa ta gefe. Idan almajiri ya miƙo hannu zai ɗaga takardar, za ka ji an ce, "Kak ka taɓa, bari shi sha iska tukuna."

A irin wannan zaure ba a rasa samarin da ke leƙowa daga majalisa, waya a hannu, su tsaya su ce ai kwamfuta za ta fitar da wannan cikin minti biyar. Gaskiyarsu ce, za ta fitar. Makarantar da ke yaye ɗalibai ɗari a rana ɗaya ba ta da wata hanya sai bugun inji, kuma talakan da ya sayi bugagge bai yi laifi ba. Su koma benci su ci gaba da hira har azahar. Kafin nan an cike gefe guda, an fara na biyu.

Mannawa gajeren aiki ne mai haɗari. Gam ko sitaci ake shafa wa allon, siriri, ba takardar ba, domin ruwa kan kumbura takarda ya kuma tayar da launi. A saukar da ita daga sama a hankali, a ɗora tsumma mai tsabta a lallasa daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. A danne da abu mai nauyi ya kwana. Yanzu da yawa sukan lulluɓe fuskar da farar leda.

Daga nan allo ya koma hannun baduku, kuma a nan ne za ka ga namu hatimin. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko, ita ake so. An jeme ta da gabaruwa, an rina ta ja da karan dafi, baƙin layi kuma da kuloko, haɗin ƙarfe da dukawa ke jiƙawa. Baduku ya yanko siririn yanki ya fere bakinsa ya yi laushi, ya naɗe gefen allon da shi don ya kare bakin takardar, ya sa wa mariƙin riga, ya ɗinke da basilla. Sannan ya kwance ƙunshin ƙarafansa. Gajeru ne, maƙeri ya ƙera su daga ƙusa ko guntun ƙarfe, ya gyara bakinsu da magagari: wani zobe, wani ɗigo, wani gicciye, wani kuma mai kaifi ne da ke cire ɗan zagaye daga fata, a shimfiɗa wani launi a ƙasa ya riƙa leƙowa ta hudar. Fata sai an ɗan yayyafa mata ruwa. Busasshiya ba ta karɓar zane, jiƙaƙƙiya kuma tana karɓa ta saki. A tsayar da ƙarfe sak, a buga sau ɗaya. Bugu na biyu ba ya faɗawa daidai inda na farko ya faɗa, zanen sai ya yi inuwa. Baduku ba ya auna tazara da rula. Gefen tambarin da ya gabata yake jingina bakin ƙarfen da shi, haka layin ke tafiya a miƙe har ya zagayo.

Ranar walima yaro ya sha riga da rawani, ya zauna gaban malaminsa. Malam ya biya, shi ya maimaita, yatsansa na bin layin. Daga nan a zagaya da shi gidajen dangi, kakanni da gwaggwanni su karɓi allon da hannu biyu su duba, su sa albarka, a ba shi abin da ya sawwaƙa.

Bayan biki abokan gabarsa uku ne: gara, raɓa da rana. Ba a jingine shi a ƙasa, rataye shi ake yi a bangon da rana ba ta bugu, domin ja da garura suna koɗewa, yambari kuwa sai dai ta juya ta yi ƙasa-ƙasa da shekaru. Da damina a riƙa saukewa ana kaɗe bayansa. Itacen aduwa da fatar sun fi takardar rai, shi ya sa a wani gida allo ɗaya ke zagaya 'ya'ya. Idan fuskar ta lalace a mayar wa mai zayyana. Zai jiƙa ta ya ɗaye a hankali, kuma tunda akwai ayoyi a jikinta ba ya yar da ita: ya wanke rubutun ya zuba ruwan a wuri mai tsarki, ko ya ƙone takardar ya binne tokar. Sannan ya goge allon da samfefa, ya tambayi wace riwaya ƙanen ya yi.